Kakanninmu Suna Nan Cikin Tsofaffin Takardun En'e

In mutum ya tashi daga Kano ya bi hanyar Zariya, zai ratsa ƙasar Bebeji da ta Ƙiru. In ya karya a Kwanar Ɗangora ya nufi kudu, sai ya faɗa Tudun Wadan Ɗankadai, ya keta dajin Falgore, ya sauka ƙasar Doguwa. Duk garin da ya yada zango a wannan hanya, ba zai rasa dattijon da zai jero masa sunayen sarakunan garin ba, ɗaya bayan ɗaya, har da shekarun da kowa ya yi bisa gado. Amma ya tsai da wani saurayi a bakin kasuwa, ya tambaye shi sunan uban kakansa, da sana'arsa, da yawan 'ya'yan da ya bari. Sau da yawa sai ya ga yaro ya sunkuyar da kai yana sosa ƙeya.

Ba laifin yaron ba ne. Sarki yana da maroƙa da makaɗa masu riƙe masa asali. Talaka kuwa, in ya kwanta dama, jikokinsa su ne ƙarshen masu ambatonsa, daga nan sai suna ya bi ƙasa. To, abin da mu ke so mu tuna wa jama'a, tun ba ma'aikatan ofis da malaman makaranta ba, shi ne akwai wurin da aka rubuta sunan talakan nan, da gonarsa, da matansa, da bashin da ya ci. Wurin kuwa shi ne littattafan da akawuna da muhutai suka cika a zamanin En'e.

Yadda aka fara rubutawa

A ƙarshen watan Janairu na 1903 rundunar Turawa ta taso daga Zariya, ta fasa ƙofar Bebeji da igwa, ta wuce ta ci Kano ran 3 ga Fabrairu. Aka naɗa Sarki Abbas. Ba a daɗe ba Razdan Kagil, wanda Kanawa suka laƙaba wa Mai Gunduma, ya sa hakimai su bar birni su koma su zauna cikin ƙasashensu. Wajen 1910 aka kafa Baitulmali, aka yanka wa ma'aikata albashi. Tun daga sa'an nan ya zama ba a karɓar kuɗi sai da rubutu, ba a yanke shari'a sai an shigar da ita littafi.

Kada mu ruɗi kanmu, ba don a tuna da kowa aka yi wannan rubutu ba. Gwamnati kuɗinta ta ke nema, alƙali kuma yana gudun a ta da maganar da ya riga ya kashe. Amma da ya ke ba a karɓar haraji sai an san mai biya, tilas aka bi unguwa unguwa, gida gida, ana rubuta maza baligai. Abin da kakanninmu suka ɗauka masifa, har waɗansu suka riƙa shiga daji in sun ji malamin haraji ya sauka gidan dagaci, shi ne yau ya zama shaidar cewa sun taɓa zama a duniya.

Littafin haraji

Littafin haraji shi ne tsani na farko. A ciki a kan sami sunan gari, da unguwa, da mai gida, da mazan da ke ƙarƙashinsa, da abin da aka yanka wa kowa, da sule da sisi da kwabo. A shekarun farko haraji iri iri ne: kuɗin ƙasa, da kuɗin shuka na masu rake da rogo da albasa, da kuɗin karofi na marina, da jangali na masu shanu. A gundumomin da ke kewaye da birni har malaman taki aka aika suna auna gonaki da ƙafa. Saboda haka irin harajin da mutum ya biya ya kan tona sana'arsa.

Bari mu buga misali, ba da wani mu ke ba. A ce ka sami sunan uban kakanka a ƙasar Bebeji, an rubuta shi cikin masu biyan kuɗin karofi. Ka san marini ne ke nan. A ce kuma ka ga maza huɗu a ƙarƙashinsa, bayan 'yan shekaru ka ga biyu sun koma masu gidan kansu. Watau gandu ya rabu, ko don uba ya tsufa, ko don 'yan'uwa sun saɓa. In kuwa gidan ya ɓace ɗungum a 1914, sai ka tuna shekarar yunwar Kakalaba ce, wadda ta kori mutane da yawa daga garuruwansu. In a ƙarshen 1918 ne, ka tuna da annobar marisuwa. Layi guda na lissafi, in an aza shi kusa da abin da ya faru a shekararsa, sai ya koma labari.

Gwamnatin Abubakar Rimi ta soke haraji da jangali a Jihar Kano a 1979. Talakawa sun yi murna, kuma suna da dalili. Amma daga ranar littattafan suka zama ba su da mai nema, aka tura su ɗakin ajiya.

Littafin alƙali

Littafin haraji yana da babban giɓi, domin maza kaɗai ya sani. Wanda ke neman kakarsa mace sai ya nufi littafin alƙali. Nan ne a ke shigar da ƙarar aure da saki, da rikicin iyakar gona, da bashi, da rabon gado. Takardar gado ita ce ta fi kowace albarka. Kafin a raba, sai an kira matan mamaci da 'ya'yansa maza da mata, kowa da sunansa. Sai an lissafa abin da ya bari, riguna da rawuna, jaki da tumaki, damman dawa da ke rumbu, littattafai in malami ne, uwar maƙera in maƙeri ne. Sai an fid da bashin da a ke binsa, an ambaci masu bin. Wanda ya karanta irin wannan takarda, kamar ya shiga gidan ne ya zaga ɗaki ɗaki.

Mai shakkar darajar irin waɗannan littattafai ya dubi aikin wani masani Ba'amurke, Allan Christelow, wanda ya fassara shari'o'in majalisar Sarki Abbas na 1913 da 1914 daga Larabci zuwa Turanci, aka buga a 1994. Masu ƙara da waɗanda a ke ƙara a ciki yawancinsu talakawa ne, manoma da fatake da mata da bayi, ga su da sunayensu da garuruwansu. In na majalisar Sarki ya ba da wannan, to, na alƙalan gunduma ma yana da nasa abin faɗi.

Sauran wuraren dubawa

Ƙasar nan ta kudu tana da nata tarihi, wanda ya bar sawu a takarda. A ƙarni na 19 Ningawa sun sha kawo mata hari, har mutane suka taru cikin garuruwa masu ganuwa. Da ƙura ta lafa sai aka fantsama daji ana saran sababbin gonaki. Don haka kada ka yi mamaki in ka rasa kakanka a ƙauyen da ku ke yanzu, ka same shi cikin garin da ke kusa. Rahotannin ƙiyasin haraji da Di'o-Di'o suka rubuta bayan rangadi su kan faɗi asalin gari, da kasuwanninsa, da yawan masaƙa da maƙera da majema. Ba su cika ambaton talaka da suna ba, amma suna nuna irin duniyar da ya zauna ciki.

A Riruwai mutane sun san narka kuza tun kafin zuwan Turawa, daga baya kamfanoni suka zo suka ɗebi leburori. Waɗansu samari sun shiga soja, an kai su Bama a Yaƙin Duniya na Biyu, sun komo da littafin sallama mai ɗauke da lambarsu da garinsu. Rajistar shiga elementare ta kan nuna sunan yaro, da na ubansa, da shekarar da aka ɗauke shi. Sa'an nan ga madatsar ruwa ta Tiga, wadda aka gina tsakanin 1971 da 1974 zamanin Gwamna Audu Bako. Ruwa ya ci gonaki da kufai, aka ta da mutane. Ga jikokin waɗanda aka tasa, ba sauran kuka ko ɗorawar da za a nuna musu a ce nan ne gidanku. Takarda kaɗai ta rage, da bakin tsofaffi.

A yi hattara

Takarda ba ta rantse ba ta ƙarya. Mai gida ya kan ɓoye ɗansa baligi don a rage masa haraji. Bafillace ya kan kora rabin garke cikin daji kafin a zo ƙirga. Shekarun haihuwa kuwa yawanci kintace ne, malami ya dubi fuska ya rubuta. Ga kuma rikicin suna. Unguwa guda ta kan tara Audu biyar da Garba bakwai, sai laƙabi ko sana'a ke raba su. Wanda gida suka sani da Tanko ko Ɗanladi, a littafin alƙali yana iya zama Muhammadu. Sunayen garuruwa ma Turawa sun rubuta su yadda kunnensu ya ji, har Riruwai ta kan fito da sunan Liruwen Kano.

Rubutun kansa iri uku ne. Na alƙali da Larabci, na haraji da ajami ko boko, na Di'o da Turanci. Shekarar alƙali kuma ta Hijira ce, misali 1332 ita ce ta yi daidai da yawancin 1914. Saboda haka aikin ba na mutum guda ba ne. Ɗan boko ya nemi malamin zaure su zauna tabarma ɗaya.

Akwai kuma abin da ya fi waɗannan nauyi. Dokar Turawa ta ce duk wanda aka haifa daga 1 ga Afrilu 1901 ɗa ne, amma ba a soke bauta gaba ɗaya a Arewa ba sai 1936. Tsakanin nan bayi da yawa sun fanshi kansu gaban alƙali, an rubuta sunansu, da na ubangijinsu, da kuɗin fansa. Mai tono yana iya iske kakansa a ɗayan ɓangarorin nan biyu. Mu a ganinmu, mutumin da ya yi shekaru yana biyan murgu, yana tara kwabo bisa kwabo har ya sayi kansa, ba abin kunya ya bar wa jikokinsa ba, abin alfahari ne. Amma wannan tsakaninka da gidanku ne. In ka ci karo da asirin gidan wani, ka rufe littafi ka kama bakinka. Wanda ya ɗauki takardar shekara ɗari don ya goranta wa maƙwabci, ko ya ɓata auren 'yar mutane, ya ci amanar ilmi.

Ta ina za a fara

A fara daga gida. Kafin ka hau mota zuwa ko'ina, zauna da tsofaffi, maza da mata, da takarda da alƙalami. Ka tuna tsohuwa ba ta faɗin sunan mijinta ko na ɗanta na fari, sai ka tambayi wani. Kada ka ce wace shekara, ka ce zamanin wane sarki, ko kafin wace yunwa. Wanda aka haifa zamanin Sarki Usman, tsakanin 1919 da 1926 ke nan. Zamanin Abdullahi Bayero kuwa daga 1926 zuwa 1953. Sa'an nan ka roƙi a buɗe adaka da tsohon gafaka, domin a nan rasit na haraji da takardar gona su kan kwana.

Daga gida sai wurin mai unguwa da dagaci, sai ofishin hakimi, sai kotu. Daga nan sai Kano, wurin Hukumar Tarihi da Al'adu. Ƙarshe sai Kaduna, inda Ma'ajiyar Takardun Tarihi ta Ƙasa ke riƙe da fayilolin Lardin Kano. Asalin wannan ma'ajiya ofishin da aka buɗe a Ibadan ne a 1954 bisa ƙoƙarin Dokta Kenneth Dike. A Kaduna ɗin kuma akwai Gidan Arewa, tsohon gidan Sardauna, wanda aka mai da wurin binciken tarihi a 1970. Kada mai nema ya zaci zai sami kome da kome. Abin da ya kai Kaduna yawanci na ofishin Razdan ne. Littattafan ƙauye, masu sunayen talakawa, an bar su inda aka rubuta su.

Nan ne maganar ta komo kanmu. An karɓe kotuna daga hannun En'e bayan an yi jihohi a 1967, En'e kanta ta kau a gyaran ƙananan hukumomi na 1976. Ƙasar da dā hakimi guda ke riƙo an rarraba ta, an ta da ofisoshi, an sāke gine-gine. Kowace ƙaura kuwa takarda ce ke fara shan wuya. Gara ba ta san darajar littafi ba, ɗigon damina ma haka, mai ƙosai kuwa abin ƙunshi ta ke nema.

Saboda haka muna roƙon kowane ma'aikaci da ke da mabuɗin ɗakin ajiya a Bebeji, da Ƙiru, da Tudun Wada, da Doguwa, ya buɗe ya duba. Abin da ya samu ya ɗaga shi daga ƙasa, ya kakkaɓe, ya rubuta sunansa da shekararsa, ya ɗauki hoton kowane shafi da wayarsa, ya sanad da na gaba da shi. Malamin makaranta kuma ya ba yara aikin hutu, kowa ya rubuto kakanninsa huɗu, da garinsu, da sana'arsu, da sunan wanda ya gaya masa. Hausawa sun ce da tsohuwar zuma a ke magani. Akawun da ya zauna gindin tsamiya yana rubuta sunayen nan ya gama nasa tun tuni. Ko za su kai ga jikokinmu, wannan yana wuyanmu. Allah ya ji ƙan magabata, ya ba mu ikon riƙe amana, amin.