Harsashi Mai Tsada Da Mai Araha: Abin Da Masu Harbin Faifai Suka Gano

Duk wanda ya tashi a ƙasar 'Yandaka ya ji labarin da dattawa su ke bayarwa, cewa garin Dutsin-Ma ya sami sunansa ne daga wani maharbi da a ke kira Ma, wanda ya zauna a kan dutsen nan na tsakiyar gari. Ashe kuwa harbi tsohuwar sana'a ce a wannan yanki, tun daga nan har Kurfi ta Maraɗi, har zuwa bakin dajin Rugu. Kakanni sun yi da kwari da baka, sa'an nan bindigar toka ta zo, wadda a ke ɗura wa albarushi ta baki. Daga baya kuma aka sami bindigar Turawa mai karyewa, mai baki ɗaya ko mai baki biyu, wadda a ke sa wa harsashi haɗaɗɗe. Tun da wannan ta shigo gardama ba ta ƙare ba tsakanin masu ita: shin harsashi mai tsada ya fi mai araha aiki, ko kuwa suna kawai a ke saye?

Mutanen da suka fi kowa bin diddigin wannan tambaya su ne masu wasan harbin faifai na Turai da Amurka, domin mutum ɗaya cikinsu ya kan ƙona harsashi dubbai a shekara, kowane harbi kuwa a rubuce ya ke, ko ya samu ko ya kuskure. Wasan ba namu ba ne, amma lissafin da suka yi ya shafi kowane mai bindiga, shi ya sa muka ga ya kamata mu kawo shi ga malamai da akawuna, waɗanda su jama'a kan tambaya in an sayo kwali mai rubutun Turanci.

Asalin wasan da tantabaru masu rai a ke yi. A sa tsuntsu cikin akwati, a ja igiya, ya tashi, a harbe shi. A shekarar 1880 wani mutumin Amurka mai suna George Ligowsky ya ƙago ɗan faifai na gasasshen yumɓu wanda na'ura ke cillawa sama, ya yi shawagi kamar tsuntsu. A 1921 kuma Ingila ta hana harbin tsuntsayen da aka kulle. Har yau sunan yumɓu ya bi faifan, ko da ya ke yanzu da ƙaro da garin farar ƙasa a ke yinsa. Faɗinsa milimita 110, nauyinsa giram 105, watau bai wuce murfin ɗan kwano ba, a gasar Olamfik kuwa na'ura kan jefa shi nisan mita 76. Larabawa sun yi suna a ciki: Ahmad Al-Maktum na Dubai ya ci lambar zinariya a Atina a 2004, Fahaid Al-Dihani na Kuwaiti kuma ya ci tasa a Riyo a 2016.

To, bari mu buɗe harsashin mu ga abin da a ke biyan kuɗinsa. Akwai kwanso, na roba ko na takarda, mai gindin ƙarfe. A tsakiyar gindin akwai 'yar hula wadda ke tada wuta in an ja kunama. Gaba da ita sai albarushi, sai matoshi wanda ya raba albarushi da ƙwayoyi, sa'an nan ƙwayoyin darma. Lamba 12 da a ke gani a jikin yawancin bindigogin nan ma'anarta ita ce, in aka raba laba ɗaya ta darma kashi 12, aka mulmula kashi ɗaya, to shi ne daidai cikin bututun, wajen milimita 18 da rabi. Saboda haka bindiga mai lamba 20 ta fi mai lamba 12 ƙanƙantar baki.

A Ingila a kan sayar da harsashi 25 cikin kwali, kwali goma cikin katon, a yanka kuɗi a kan dubu. Kamfanoni irin su Eley da Gamebore da Hull, da Fiocchi na Italiya wanda aka kafa tun 1876, kowannensu ya kan yi iri-iri: na koyo, na tsakiya, da na gasa. Na gasa ya kan ɗara na koyo tsada da wajen kashi ɗaya cikin uku, wani lokaci har rabi. Bambancin ya fi yawa a ƙwayar. Darma zalla tana da taushi, in albarushi ya tashi ƙwayoyin da ke ƙasa su kan lotse, lotsattsiyar ƙwaya kuwa ba ta tafiya saiti, sai ta bauɗe. Don haka a ke gauraya darmar da wani ƙarfe, antimoni, ɗan'uwan kwalli, ya ƙara mata tauri. Harsashin koyo ya kan sami kashi 1 ko 2 cikin ɗari, na gasa kuwa har kashi 5. Ban da wannan a na tace ƙwayoyin na gasa su zama bai ɗaya, a auna albarushinsa da kulawa, don na farko da na ɗari su fita da gudu ɗaya.

Wannan bambanci gaskiya ne, amma sai an yi nisa ya ke bayyana. A yadi 20 ko 25 faifai bai san harsashin da ya fasa shi ba. Sai an kai yadi 40 ko fiye ƙwaya mai tauri ta kan nuna fifikonta. A gasar Olamfik, inda mutum ke harbin faifai 125 kafin a zaɓi masu shiga zagayen ƙarshe, faifai ɗaya ya kan raba mai lamba da mai komawa gida hannu wofi, don haka gwani bai yi wauta ba in ya biya tsadar. Ɗan koyo fa? Ga lissafin da ɗan aji huɗu zai iya yi. A ce kuɗin da ke hannunka ya isa harsashi 1,000 na gasa, a ce kuma na gasa ya fi na koyo da kashi 40 cikin ɗari. Da wannan kuɗin sai ka sami 1,400 na koyo. Mai kuskuren faifai goma cikin 25 ba ƙwaya ce ta ci amanarsa ba, hannunsa ne bai faɗa ba, harbi 400 na ƙari kuwa sun fi masa amfani nesa ba kusa ba.

Wani abin da kamfanoni ke talla da shi shi ne gudu. Ƙwaya ta kan bar bakin bindiga da gudun wajen mita 400 a daƙiƙa, sai a rubuta a kwali cewa wannan ya fi da mita 20 ko 30, a ƙara kuɗi. Amma iska ta fi cin ƙwaya mai sauri, kafin a kai yadi 30 yawancin ribar ta zube, ratar da mai harbi zai ba abin da ke tashi ba ta sauya da abin da ya wuce taƙi guda ba. Abin da ya tabbata shi ne kafaɗa ta sha duka. Haka kuma nauyi: harsashi mai giram 32 na ƙwaya shurinsa ya kusa ninka na mai giram 24, in gudunsu ɗaya ne. Wanda bindiga ta saba shurinsa kuwa ya kan runtse ido kafin ya ja kunama, ko bai sani ba. Hukumar wasan ta duniya ta yi ta rage nauyin da ta yarda da shi har ya tsaya a giram 24, gwanaye kuwa ba su daina fasa 25 cikin 25 ba.

Yanzu mu zo ga abin da ya fi shafar maharbanmu, watau girman ƙwaya. Bisa ma'aunin Ingila, oza ɗaya, wato giram 28, ta ƙwaya mai lamba 8 ta ƙunshi wajen guda 450. Mai lamba 7 guda 340, mai lamba 6 guda 270, mai lamba 4 guda 170, wadda a ke kira BB guda 70, AAA kuwa 35 kacal. Mutanenmu da yawa sun fi son manya, a ganinsu babbar ƙwaya ita ce mai ƙarfi. Ƙarfi kam ta na da shi, in ta samu. Turawa su kan gwada haka: a kafa babbar takarda a yadi 40, a harba, a zana da'ira mai faɗin inci 30 inda ƙwayoyi suka fi taruwa, a ƙirga hudojin. Bindiga mai matsattsen baki ta kan zuba kashi 70 cikin ɗari a ciki, mai sakakken baki kuwa wajen kashi 40. Filin da'irar ya kai murabba'in inci 707. In harsashi na da ƙwaya 340, guda 238 za su shiga, watau ƙwaya ɗaya a kowane murabba'in inci 3. Faifai, wanda fuskarsa ta kusa murabba'in inci 15, zai sha guda biyar. In kuwa giram 32 ne na BB, ƙwaya 80, sai 56 su shiga, ɗaya a kowane murabba'in inci 12 da ɗoriya. Kurciya ko hasbiya sai ta ratsa ta tsakiyarsu lafiya lau, maharbi ya tsaya yana zargin ido ko sammu. Fakara da zomo lamba 6 ko 5 ta ishe su, zabo da agwagwar ruwa a ƙara girma kaɗan. Wannan gwaji takardar buhun siminti da alli kawai ya ke bukata, amma sai a wurin da tudu ko ganuwa ta tare baya, gama manyan ƙwayoyi su kan yi tafiyar yadi ɗaruruwa.

Akwai araha iri biyu, kada a gama su. Harsashin koyo na sanannen kamfani mai araha ne, amma an auna shi, an gwada shi. Wanda aka tsinci kwansonsa aka sake cikawa a ɓoye, ba wanda ya san irin albarushin da ke ciki ko yawansa, a nan ne maganar Hausawa ta araha ba ta ado ta ke da wurin zama. Albarushin harsashin zamani, marar hayaƙi, ƙarfinsa ya ninka na baƙin albarushi. Wanda ya farke harsashi ya juye albarushinsa cikin bindigar toka ta maƙera, bututun na iya tarwatsewa a hannunsa. Haka nan tsawo: akwai kwanso mai milimita 65, da 70, da 76, an kuwa buga iyakar kowace bindiga a jikinta. Dogo ya kan shiga gajeren ɗaki ya rufu, domin tsawon da a ke nufi na bayan kwanson ya buɗe ne, amma in an harba ba shi da wurin buɗewa, sai ƙarfin ya yi wa ƙarfe yawa. Mafi muni shi ne harsashi mai lamba 20 ya faɗa cikin bindiga mai lamba 12, ya zurma ciki ya maƙale, a ɗora wani a bayansa. In harsashi ya ƙi tashi, a bar bakin bindiga yana duban ƙasa rabin minti kafin a karya ta. In ya tashi da ƙara marar ƙarfi, a leƙa bututu tukuna, watakila matoshi ya tsaya a ciki. Laimar damina ta kan kumbura kwanson takarda, zafin bazarar Katsina kuma ba ya yi wa albarushi kyau in an bar shi cikin mota ko ƙarƙashin kwano.

Ba za mu yi wannan magana kamar ba mu san halin da ƙasa ta shiga ba. Dajin Rugu, inda maharba ke kwana a da, ya zama maɓoyar 'yan bindiga, ƙauyukan Kurfi da Dutsin-Ma da Safana da Batsari sun sha hare-hare shekara da shekaru, har a watan Oktoba na 2023 Gwamna Dikko Umaru Raɗɗa ya ƙaddamar da rundunar tsaron al'umma ta jihar. Dokar bindigogi ta 1959 ta kasa makamai kashi uku. Bindigar toka lasisinta na hannun Kwamishinan 'Yan Sanda na jiha, mai karyewa na hannun Sufeto Janar, sauran kuwa haramtattu ne sai da izinin Shugaban Ƙasa. Harsashi ma bin lasisin bindigarsa ya ke yi, ba a kuma sayensa sai wurin dillali mai rajista. A ganinmu harsashin bayan fage, kome araharsa, ta hanyar da ya biyo ta nan na ɓarayin daji ke biyowa, mai sayensa kuwa ya taimaki wannan kasuwa ko bai nufa ba.

Sauran abu biyu da Turawa suka fara sakawa cikin lissafin kuɗi, mu ma sun shafe mu. Matoshin roba ya fi tara ƙwaya, ya kan kuma fi araha kaɗan, amma ba ya ruɓewa, shanu da tumaki su kan haɗiye shi cikin ciyawa. Shi ya sa filayen harbi da yawa a Ingila ba su yarda sai da matoshin zare. Na biyu ita ce darmar kanta. Ƙwayar da ta faɗa ruwa, agwagi su kan tsince ta tamkar tsakuwa, ta narke a cikinsu ta kashe su, wanda ya ci naman da ƙwaya ta farfashe a ciki kuma ya ci rabonsa. Mu da muka ga abin da gubar darma ta yi a Zamfara a 2010, inda yara fiye da 400 suka rasu saboda niƙan duwatsun zinariya a cikin gidaje, ba sai an yi mana dogon bayani ba. Amurka ta hana harbin tsuntsayen ruwa da darma tun 1991, Tarayyar Turai kuma ta hana ta a fadamu da bakin tafkuna daga Fabrairun 2023. Ga mu nan da madatsar ruwa ta Zobe, wadda aka gama a 1983, a na sha, a na kamun kifi, a na noman rani.

Abin da ya maye gurbin darma a can shi ne ƙwayar baƙin ƙarfe. Ta fi darma rashin nauyi da wajen kashi 30 cikin ɗari, don haka a kan ɗauki wadda ta fi girma da lamba biyu, mai 4 a madadin mai 6, a kuma rage nisan harbi. Ba ta lotsewa, saboda haka matsattsen baki na tsohuwar bindiga na iya kumbura in an bi da ita. Bindigar da aka gwada musamman don ƙwayar ƙarfe mai ƙarfi a kan buga mata tambarin wani fure mai kunne uku kusa da ɗakin harsashi. Tsofaffin bindigogin gado da aka shigo da su zamanin En'e an ƙera su tun kafin a fara wannan gwaji, don haka kada a sa musu ƙwayar ƙarfe sai wanda ya san aikin bindiga ya duba bututun ya auna bakinsa.