Lauya, Barista Da SAN: Mu San Wanda Za Mu Damƙa Wa Shari'armu

Jama'a, damina na tsayawa sai rigingimu su taso a ƙauyukanmu. Wani kan iyakar gona, wani kan ɓarnar shanu, wani kan rabon gado. Daga Kuchi, Margai, Jabo ko Dogon Daji, sai ka ga mutum ya sayar da buhunan gero ya nufi gari neman lauya. A can zai ji ana kiran wannan Barista, wancan SAN, wani Mai Shari'a. Wanda bai san ma'anar sunayen nan ba, yana iya miƙa kuɗinsa ga wanda ba shi da ikon tsaya masa a kotu.

Wane Ne Lauya?

Lauya shi ne wanda ya yi karatun shari'a a jami'a, yawanci shekara biyar. Daga nan ya yi shekara guda a Makarantar Horar da Lauyoyi ta Nijeriya. An buɗe ta a Legas a 1963, yanzu hedikwatarta na Bwari kusa da Abuja, tana kuma da reshe a Bagauda ta Jihar Kano. In ya ci jarrabawa sai a rantsar da shi, a rubuta sunansa a rajistar Kotun Ƙoli, a ba shi lamba.

Ga misali a gida. Alhaji Aminu Waziri Tambuwal, wanda ya wakilci Kebbe da Tambuwal a Majalisar Wakilai daga 2003 zuwa 2015, ya gama karatun shari'a a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta Sakkwato a 1991. Amma sai a 1992, bayan ya gama makarantar lauyoyi, ya zama cikakken lauya.

Barista Fa?

Daga Ingila kalmar ta zo. A can lauyoyi iri biyu ne: mai tsayawa gaban alƙali, shi ne barista, da mai shirya takardu a ofis. A Nijeriya an haɗa ayyukan biyu a hannun mutum ɗaya. Ke nan kowane lauya barista ne. Barista bai fi lauya girma ba, don haka kada a ƙara maka kuɗi saboda wannan suna.

Mu a baki muna cewa Barista don girmamawa, kuma babu laifi. Sai dai kwamitin ladabtar da lauyoyi ya yanke cewa bai dace lauya ya rubuta Barista a gaban sunansa ba, domin sunan sana'a ne, ba sarauta ba. Shi ya sa da yawansu ke sa Esq. a bayan suna. In ka gani a takarda, alamar girmamawa ce ta lauyoyi.

SAN, Babban Lauya

Wannan shi ne muƙamin girma na gaske. Haruffan uku na nufin Babban Lauyan Nijeriya, a bayan suna ake rubuta su. Sai lauya ya yi aƙalla shekara goma yana aiki kuma ya yi fice, sannan wani kwamiti da Alƙalin Alƙalan Nijeriya ke shugabanta ya zaɓe shi. An fara bayarwa a 1975, ga Cif Rotimi Williams da Dakta Nabo Graham-Douglas. Mace ta farko ita ce Cif Folake Solanke a 1981. Daga Arewa kuwa, Alhaji Abdullahi Ibrahim ne ya fara samu a 1982.

Mai wannan muƙami yana sa rigar siliki, yana zama sahun gaba a kotu, ana kuma fara kiran shari'arsa. Kuɗin aikinsa na da yawa, kuma akasari a manyan kotuna ake ganinsa. Rigimar gona ko bashi ba ta bukatar SAN. Lauya mai gaskiya da ƙwazo ya wadatar.

Masu Yanke Hukunci

Kada a haɗa lauya da alƙali. Lauya kare ka yake yi, alƙali ke yanke hukunci. A kotun Shari'ar Musulunci akwai Alƙali. A Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a da ke Sakkwato akwai Ƙadi, shugabansu shi ne Girandi Ƙadi. Akwai Majistare a kotunsa. Na Babbar Kotun Jiha ana ce masa Mai Shari'a, shugabansu kuma Babban Joji. Duk wanda ya ce ka kawo wani abu ya kai wa ɗayansu, guje shi.

Yadda Za Ka Gane Na Gaskiya

Baƙin kwat da jakar hannu ba su ne lauya ba. Marubucin takardar koke a bakin kotu yana da amfaninsa, amma ba lauya ba ne, ko da ana yi masa laƙabi da Barista. Yin sojan gona da sunan lauya laifi ne a doka. Kafin ka biya ko sisi, kula da waɗannan:

1. Je ka ofishinsa da ƙafarka, kada a gama magana a tasha ko gindin itace.
2. Dubi hatiminsa. Tun 2015 lauyoyi ke manna hatimin Ƙungiyar Lauyoyi a takardun shari'a, ɗauke da suna da lamba. Karanta, ka ga ko sunan ya dace.
3. Karɓi rasit na duk abin da ka biya.
4. In kana shakka, tambayi rajistaran kotu ko reshen Ƙungiyar Lauyoyi na Sakkwato.

Wanda ba shi da hali ya nemi ofishin Hukumar Taimakon Shari'a a Sakkwato. An kafa hukumar a 1976 don ta tsaya wa talaka kyauta.

Mai karatu, karanta wa maƙwabcinka wannan bayani. Matambayi ba ya ɓata. Allah Ya raba mu da rigima, Ya ba mu damina mai albarka, amin.