Harsashin Farauta da Tukunyar Gidanka: Abin da Manomi Zai Duba Kafin Ya Ɗura Bindiga

Da an gama girbi, an ɗaure gero an kai rumbu, hunturu ya kankama, sai hankalin wasu manoma ya koma daji. A Gangara da sauran ƙauyukan Jibiya, farautar rani tsohuwar al'ada ce, ko da yake rashin tsaro ya sa yanzu ba a nisa da gari. Wani zomo da zabin daji yake nema don miya, wani kuma birai ne suka dame shi a gonar rani. Idan kana cikin masu saɓa bindiga, ga tambaya: me kake ɗurawa a cikinta? Amsar ta shafi iyalinka, domin wani ɓangare na abin da ka harba yakan biyo naman har cikin tukunya.

Fara da doka

Dokar makamai ta Najeriya ta 1959 ta raba bindigogi gida uku. Na farko su ne haramtattu, ciki har da bindigogin soja masu cin harsashi 7.62 ko .303; waɗannan sai da izinin shugaban ƙasa. Na biyu su ne irin bindiga mai baki ɗaya ko baki biyu da bindigar farauta mai cin dogon zango, lasisinsu yana hannun Sufeto Janar na 'yan sanda. Na uku ita ce bindigar toka, wadda ake ɗura mata albarushi ta baki, lasisinta na hannun Kwamishinan 'yan sanda na jiha. Shi ma harsashi doka ta ɗaure shi: ba ka da izinin riƙe shi sai kana da lasisin bindigar da ke cin sa.

A bakin iyaka kake, kuma kowa ya san halin da Dajin Rugu yake ciki. Harsashi ɗaya na soja a aljihunka ya isa a ɗauke ka a matsayin mai yi wa 'yan bindiga safara. Kada ka saya a ɓoye, kada ka karɓi ajiya, kada kuma ka tsallaka da shi Nijar ko ka shigo da shi daga can, ko da na harbin zomo ne. Garin neman gira kada a rasa ido.

Wace dabba kake nema?

Dokar namun daji ta Arewa ta 1963 da dokar tarayya ta 1985 sun hana taɓa wasu dabbobi, wasu kuma sai da takarda. Barewa, wadda kakanninmu suka saba gani a wannan yanki, ta yi ƙaranci har ƙungiyar kare halittu ta duniya, IUCN, ta sa ta cikin dabbobin da ke fuskantar barazana. Ka je ofishin gandun daji na ƙaramar hukuma ka ji abin da aka halatta. Mai ciki da mai shayarwa kuwa, ka ƙyale su, su ne irin baɗi.

Kowace dabba da harsashinta

A harsashin bindiga mai baki ɗaya ko biyu, lambar da ke jikin kwanso tana nuna girman ƙwayoyin da ke ciki. Idan lambar ta yi sama, ƙwayoyin ƙanana ne: lamba 6 ta fi lamba 4 ƙanƙanta, BB kuma ta fi su duka girma. Ƙananan ƙwayoyi na tsuntsu da zomo ne. Ka harbi gada da su, sai dai ka raunata ta, ta gudu ta mutu a wani wuri, ba kai ba nama. Ka harbi zabo da manya kuma, ka ragargaza shi. Irin wannan bindiga ba ta kisa da kyau idan nisa ya wuce taku talatin zuwa arba'in. Kuma kada ka sa harsashin da ya fi wanda aka rubuta a jikin bindigar tsawo ko ƙarfi.

A bindigar toka kuwa, wasu kan cusa ƙusa, guntun rodi ko ƙwallon boris, su ƙara albarushi wai don ta yi ƙarfi. A nan ake fasa bututu, a rasa yatsu ko ido. Yawancin bututun maƙera ba a gwada ƙarfinsa ba, ba zai ɗauki irin wannan lodi ba.

Dalma: gubar da ba a gani

Yawancin harsashin farauta da dalma ake yin sa, don tana da nauyi da laushi da araha. Laushin nan shi ne matsalar. Idan harsashi ya daki ƙashi sai ya tarwatse, ɓurɓushinsa ya bazu cikin tsoka, wasu sun fi ƙwayar yashi ƙanƙanta. Haƙori ba ya jin su, ido ba ya ganin su.

Mafarautan barewa a Amurka sun ga wannan a 2008, lokacin da aka ɗauki hoton naman da suka ba da sadaka ga mabuƙata aka ga dalma a ciki. Jihohin North Dakota da Minnesota suka janye naman. Gwajin da hukumar namun daji ta Minnesota ta yi a shekarar ya gano ɓurɓushi har nisan santimita 45 daga hanyar da harsashi ya bi. Jihar Kalifoniya ta hana farauta da dalma gaba ɗaya daga 2019, ƙasar Denmak ma ta yi haka daga 2024.

Mu nan ba sai an ba mu labarin dalma ba. A 2010 gubarta ta kashe yara sama da 400 a Zamfara, a yankunan Anka da Bukkuyum. Can daga dutsen zinariya da ake niƙawa a gida ta fito, amma dalmar ɗaya ce da ta harsashi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babu wani adadin dalma da za a ce ba shi da illa, kuma jikin ƙaramin yaro yana shan ninki huɗu zuwa biyar na abin da jikin babba yake sha. Tana dakushe ƙwaƙwalwa, ta rage jini, ta kawo ciwon ciki, in ta yi yawa ta kai ga jijjiga da mutuwa. Mai juna biyu tana miƙa ta ga ɗan da ke cikinta. Naman farauta ba ya kisa farat ɗaya kamar na Zamfara. Kaɗan-kaɗan take taruwa, sai yaro ya shiga makaranta a ga karatu ba ya zama.

To, ina mafita?

Akwai harsashin da ba na dalma ba: ƙwayoyin baƙin ƙarfe da kuma harsashin tagulla, wanda ba ya tarwatsewa sosai. Sai dai gaskiyar magana, samunsu a wajenmu da wuya, kuma ƙwayar ƙarfe tana da tauri, tana iya lalata tsohon bututu. Sai bindigar da aka ƙera don ta. Idan dalma ce a hannunka, ga abin yi:

1. Ka yanke duk inda harsashi ya bi, da inda jini ya kwanta, ka ƙara faɗin tafin hannu, wajen santimita 10, a kewaye. Wannan ita ce shawarar hukumar abinci ta ƙasar Suwidin ga mafarautanta. A zomo ko zabo, ka tsince ƙwayoyin, ka cire wurin da ya ɓaci.

2. Abin da ka yanke da kayan ciki, ka binne su. Kada ka jefa wa kare ko kaji, kada ka bar wa ungulu. Su ma tana kashe su.

3. Wuta ba ta kashe dalma. Dafuwa, gashi, banda, duk tana nan. Abu mai tsami kamar tsamiya, yakuwa ko lemon tsami yana narkar da ita cikin romo, jiki ya fi shan ta.

4. Kada a daka ko a niƙa naman da aka harba da dalma don dambu, domin ɓurɓushin zai game ko'ina.

5. Ƙananan yara, masu ciki da masu goyo, a ba su kaza, kifi, ƙwai ko wake maimakon wannan nama.

6. Kada ka fasa tsohon batirin mota ka narka dalmarsa a gida. Hayaƙin da ƙurar suna sauka a tsakar gida inda yara ke rarrafe. Kada ka riƙe ƙwayar dalma a baki lokacin ɗuri, kuma ka wanke hannu da sabulu kafin ka ci abinci.

Idan gona kake karewa

Ba kowace ɓarna ce ke buƙatar harbi ba. Shingen ƙaya, kare, gwangwanaye a igiya, mutum-mutumi da gadi na karɓa-karɓa tsakanin maƙwabta suna rage ɓarnar birai da tsuntsaye ba tare da an kashe kuɗin harsashi ba. Ga kuma wani abu: a yankin da ake zaman ɗar-ɗar, ƙarar bindiga da dare tana iya tayar da gari, ko ta sa jami'an tsaro su mayar da wuta. Kada ka harbi motsi a duhuwa sai ka ga dabbar sarai, ka kuma ga abin da ke bayanta. Mai itace ko makiyayi na iya kasancewa a wurin.

Aikin ƙungiya

Ku shugabannin ƙungiyoyin manoma, ku ware zama ɗaya kafin farautar bana. Ku gayyato sarkin baka, jami'in gandun daji da ma'aikacin lafiya na asibitin garinku. A rubuta sunayen masu bindiga da lasisinsu, a sanar da mai gari ranar fita da wurin da za a nufa. Matan gida su ma su halarta, tunda su ke gyara nama su raba shi a kwano. Duk yaron da ke yawan ciwon ciki da kasala a gidan da ake narka dalma ko yawan cin naman harbi, a kai shi asibiti a faɗa wa likita haka ƙarara.

An ce kowa ya ci zomo ya ci gudu. Gudun kai ka yi shi, to ka tabbata abin da ya isa kwanon ɗanka nama ne zalla. Allah ya ba da sa'a, ya kawo mana zaman lafiya a dazukanmu.