Wasan Geocaching: Dalilin da ya sa hasashen yawan akwatunansa ke da wuya

Geocaching wasa ne da ake ɓoye ƙaramin akwati a wani wuri, a wallafa lambobin taswirar wurin a intanet, sannan masu nema su bi sawu da na'urar GPS ko wayar salula. Wanda ya gano akwatin yakan sa hannu a takardar da ke ciki, ya mayar da shi mazauninsa.

Wasan ya faro ne daga Amurka a watan Mayun 2000, bayan da gwamnatin Bill Clinton ta daina rage ingancin GPS ga farar hula. Ranar 3 ga watan, Dave Ulmer ya ɓoye wani bokiti a jihar Oregon. A watan Satumba aka buɗe shafin Geocaching.com da akwatuna 75.

Adadinsu ya kai miliyan 1 a 2010, miliyan 2 a 2013, sannan miliyan 3 a 2017. Duk wanda ya dogara da wannan saurin zai sa ran miliyan 4 wajen 2021, amma hakan bai tabbata ba.

Dalili na farko shi ne ƙa'idar da ta hana ɓoye sabon akwati ƙasa da mita 161 daga wani, lamarin da ke sa biranen da wasan ya karɓu su cika. Na biyu, ana ƙirga akwatunan da ke aiki ne kawai. Wanda ya ɓace ko mai shi ya daina kula da shi, akan cire shi daga lissafi. Don haka wajibi ne mai hasashe ya auna waɗanda ake janyewa, tare da waɗanda ake ƙarawa.