Yadda ake kiran zuma ta shiga amya

Duk wanda ya bi hanyar Wanke daga Gusau, ko ya ratsa ƙauyukan Tsafe da Bungudu bayan kaka, in ya ɗaga kai zai hangi amya a maƙale a rassan ɗorawa da kaɗanya da tsamiya. Saƙar ciyawa ce doguwa, an shafe ta da kashin shanu, an toshe bakinta, an bar 'yar kafa. Mai amya a nan ba ya sayen ƙudan zuma kamar yadda ake yi a Turai da Amurka. Ɗaurawa yake yi ya koma gida, ya jira zuma ta zo da kanta.

Amma ba zaman jira kawai ba ne. Kafin a hau bishiya sai an turara amyar, a goga mata kakin zuma a ciki. Kowane gida da irin haɗin turarensa na saiwoyi da ganyaye masu ƙamshi, kuma ba kowa ake faɗa wa ba.

Me zuma ke nema? Idan gida ya cika, tsohuwar sarauniya takan fita da kusan rabin jama'arta, su yi cincirindo a jikin reshe. Daga nan 'yan leƙen asiri, waɗanda ba su wuce 'yan ɗaruruwa ba, suke bazama neman sabon mazauni. Wadda ta ga wuri sai ta shiga, ta zagaye cikinsa da ƙafa tana auna girmansa, ta dawo ta yi rawa a kan taron don nuna inda yake. Masanin Jamus Martin Lindauer ya bi diddigin wannan rawa a shekarun 1950. Daga baya Thomas Seeley na Jami'ar Cornell ya nuna cewa zumar Turai da Amurka ta fi son rami mai cin kusan lita 40, mai ƙaramar ƙofa, nesa da ƙasa. Tamu ta Afirka ba ta da tsirfa haka, takan karɓi wurin da bai kai wannan ba.

Ƙamshi kuwa shi ne sallama. A ƙarshen cikin ma'aikaciyar zuma akwai wata 'yar jaka da ke fitar da ƙamshin kiran 'yan'uwa. Za ka gan ta a bakin amya ta ɗaga gindi sama tana kaɗa fukafukai don ya bazu. Cikin sinadaran ƙamshin akwai wanda ake kira sitiral, shi ne kuma ke cikin ciyawar nan mai ƙamshin lemun tsami da ake jefawa a shayi. Shi ya sa masu kiwon zuma a ƙasashe da dama ke ɗiga man ciyawar kaɗan a amya. Kaɗan fa, domin in ya yi yawa korar zumar yake yi. Tsohon kaki yana gaya mata cewa an taɓa zama a nan, kuma a ganina ya fi duk wani ruwan kwalba da za a tallata wa manomi.

Inda gizo ke saƙar shi ne bayan ta shiga. Zumarmu ba ta da haƙuri: in tururuwa ta dame ta, ko rana ta gasa amyar, ko ruwan sha ya yi nisa, sai ta kwashe gaba ɗaya ta bar maka kango. Maganin ƙwari da ake fesa wa wake da auduga lokacin fure yana kashe ta. Rashin tsaro ma ya sa da yawa sun daina kai amya cikin daji, inda furen ya fi yawa.

Sai kuma ɗiban zuma da dare da wuta, wanda ke ƙone 'ya'ya ya tarwatsa gidan, dole baɗi a sake turare daga farko. Amyar katako mai sanduna a sama, wadda aka fi sani da ta Kenya, tana ba da damar ɗaga saƙa ɗaya bayan ɗaya da hayaƙi kaɗan, a yanki mai zuma a mayar da mai 'ya'ya. Kafinta a Gusau zai iya haɗa ta in an ba shi awo.