Karatun Gida da Karatun Makarantar Gwamnati: Nazari a Kan Ilmin Yara a Yankin Dala

1.0 Gabatarwa

Manufar wannan takarda ita ce kwatanta hanyoyi biyu na ilmantar da yara, watau karatun da yaro ke samu a gida ko a zauren unguwa ƙarƙashin kulawar iyayensa, da kuma wanda yake samu a makarantar gwamnati. Mun zaɓi yankin Dala a tsohon birnin Kano domin a nan hanyoyin biyu suka daɗe suna tafiya kafaɗa da kafaɗa, wani lokaci cikin jituwa, wani lokaci cikin zargin juna. Batun kuwa yana da nauyi, domin dokar ƙasa ta wajabta wa kowane yaro shekara tara a makaranta, alhali kuwa akwai gidaje masu yawa da suka fi amincewa da tsohuwar hanya. Za mu fara da fayyace ma'ana, mu bi tarihi a taƙaice, sa'an nan mu auna hanyoyin biyu, mu rufe da shawarwari.

2.0 Me Ake Nufi da Karatun Gida?

A ƙasashen Turai da Amurka, idan an ce karatun gida ana nufin iyaye su ƙi kai yaro makaranta, su ɗauki nauyin koya masa karatu da rubutu da lissafi da sauran fannoni da kansu. Wannan ra'ayi ya yi ƙarfi bayan rubuce-rubucen Ivan Illich a 1971, da na John Holt wanda ya kafa mujalla don masu wannan aƙida a 1977. Zuwa 1993 duk jihohin Amurka hamsin sun halatta shi. Dokar ilmi ta Ingila ta 1944 ta ɗora wa iyaye alhakin ilmantar da yaro, ko dai a makaranta ko ta wata hanya dabam. Afirka ta Kudu ta yarda da shi a dokarta ta 1996, bisa sharaɗin a yi wa yaron rajista. Jamus kuwa ta hana, Faransa kuma ta tsananta sharuɗɗa a 2021, sai da izinin hukuma.

A ƙasar Hausa al'amarin ya sha bamban, don haka ya kamata mu rarrabe abubuwa uku da akan cakuɗa. Na farko shi ne koyarwar cikin gida, inda uba ko uwa ko kaka ke biya wa yaro karatu. Na biyu shi ne makarantar allo ta unguwa, wadda ake yi a zaure ko soron wani malami, yaro ya je ya dawo ya ci abinci ya kwana a gaban iyayensa. Na uku shi ne almajirci, inda ake tura yaro wani gari a damƙa shi hannun malami. A wannan takarda na farko da na biyu muke kira karatun gida, domin a cikinsu iyaye ne ke zaɓen malami, su ne ke biya, kuma idonsu yana kan yaro kullum. Almajirci batu ne mai zaman kansa, tun da yake ginshiƙinsa shi ne raba yaro da gida.

3.0 Taƙaitaccen Tarihi

Tarihin Kano ya nuna cewa Wangarawa sun iso birnin a zamanin Sarki Yaji (1349–1385), sa'an nan Shehu Magili ya zo a zamanin Muhammadu Rumfa (1463–1499). Daga nan unguwanni irin su Madabo suka shahara da karatun fiƙihu, ilmi ya zama abin da ake gada a gidaje, ɗa ya karɓa daga uba. Haka abin yake a sauran ƙasar Hausa. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo a wurin mahaifinsa ya karanta Alƙur'ani, 'yarsa Nana Asma'u (1793–1864) kuma ta tsara ƙungiyar 'Yantaru, inda jajojinta ke kai wa mata karatu har garuruwansu. An ƙiyasta cewa wajen 1914 akwai makarantun allo kimanin 25,000 a Jihar Arewa, da ɗalibai fiye da 200,000.

Turawa sun ci Kano a 1903, kuma a 1909 Hans Vischer, wanda aka fi sani da Ɗanhausa, ya buɗe makarantar boko a Nassarawa, bayan ganuwa. An kafa Midil ta Kano a 1927, wadda ita ce Kwalejin Rumfa a yau, da Makarantar Shari'a ta Shahuci a 1928, da kuma wadda aka buɗe a 1934 ta zama Makarantar Nazarin Larabci a 1947. Jama'ar birni ba su yi maraba da boko da farko ba, saboda sun ɗauke shi kayan Nasara. Amma an sami gidajen malamai da suka haɗa biyun. Malam Aminu Kano (1920–1983), wanda gidansa na Mumbayya ke Gwammaja cikin yankin Dala, a gida ya fara karatun Alƙur'ani kafin ya shiga Shahuci da Midil da Kwalejin Kaduna. Yana kuma cikin waɗanda suka ƙarfafa makarantun Islamiyya a shekarun 1950, waɗanda suka ɗauko aji da allon bango da jadawali daga boko suka saka wa karatun addini.

Babban sauyi ya zo a 1976 da shirin ilmin firamare kyauta ga kowa. Aka cika ajujuwa da yara kafin a tanadi isassun malamai ƙwararru, abin da ya jawo raunin da har yanzu ake fama da shi. A daidai wannan lokaci ne Enid Schildkrout ta yi bincike a unguwannin Kurawa da Ƙofar Mazugal, ta nuna yadda matan kulle ke dogara da yara wajen talla da aike, da yadda shigar yara makaranta ke taɓa sana'ar uwa kai tsaye. An ƙaddamar da shirin ilmin bai-ɗaya a 1999, dokarsa ta 2004 kuma ta wajabta shekara shida ta firamare da uku na ƙaramar sakandare, ta kuma tanadi gargaɗi, sa'an nan tara ko ɗauri, ga uban da ya ƙi. Gwamnatin Kano ta shelanta ilmi kyauta kuma dole a 2019, ta kuma kafa dokar ta-ɓaci a kan ilmi a 2024.

4.0 Kwatanci

4.1 Hanyar Koyarwa

A makarantar zaure kowane yaro da allonsa, kowa da inda ya tsaya. Yakan fara da haddace Fatiha da gajerun surori, ya shiga babbaƙu, sa'an nan farfaru, har ya iya haɗa baƙi. Ba a wanke masa allo sai ya biya daidai a gaban malam. Saboda haka mai kaifin basira ba ya jiran kowa, mai rauni kuma ba a wuce shi. Bayan sauka, mai son ci gaba yakan ɗauki littattafai ɗaya bayan ɗaya, kamar Ahalari da Ishmawi da Iziyya da Risala, malam yana fassara masa da Hausa. Wannan shi ne ainihin abin da masu karatun gida na Turai ke alfahari da shi, watau tafiya da yaro gwargwadon fahimtarsa.

A makarantar gwamnati shekara ce ma'auni. Ana koyar da aji gaba ɗaya, a ƙarshen shekara kuma galibi kowa ya wuce gaba, ko ya gane ko bai gane ba. Idan aji ya cika maƙil, malami ba shi da halin sanin wanda aka bari a baya. Ta haka ake samun yaron da ya kai aji shida bai iya karanta wasiƙa ba.

4.2 Faɗin Abin da Ake Koyarwa

A nan makarantar gwamnati ce ke gaba. Tsarinta ya ƙunshi lissafi da kimiyya da Ingilishi da Hausa da zaman jama'a da addini. Karatun zaure bai tanadi lissafin zamani ko rubutun boko ba, ko da yake yaro kan koyi ciniki da sana'a a gefe, a rumfar ubansa a Kasuwar Kurmi, ko wajen dukanci da ɗinki da rini. A da wannan ya wadatar. Yau kuwa ɗan kasuwa yana bukatar asusun banki da wayar hannu da takardun fito, mai jinya yana bukatar karanta sunan magani. Uban da bai yi boko ba ba zai iya koyar da abin da bai sani ba, kuma nan ne muka bambanta da Amurka, inda mafi yawan iyaye sun yi makaranta, littattafai kuma suna da sauƙin samu.

4.3 Tarbiyya da Amana

Babban dalilin da ke sa iyaye riƙe yara a gida shi ne tarbiyya. Malamin zaure maƙwabci ne, an san asalinsa, ana haɗuwa da shi a masallaci sau biyar a yini. Idan yaro ya yi fashi, kafin magariba labari ya isa gida. Malamin gwamnati kuwa turo shi ake yi, a ɗauke shi ba tare da shawarar unguwa ba. Sai dai wannan kusanci yana da nasa aibu. Ba mai duba zaure, ba mai tambayar malam yawan bulalar da yake yi, kuma yaron da iyayensa suka yi sakaci ba shi da wata hukuma da za ta lura da shi.

4.4 Takardar Shaida

Sauka tana da daraja a idon jama'a, ana yin walima, ana yanka, ana addu'a. Amma ba ta buɗe ƙofar sakandare ko jami'a ko aikin gwamnati. Gwanin da ya haddace Alƙur'ani ya rubuta shi da ka, a lissafin hukuma yana iya faɗawa cikin marasa ilmi. Alƙaluman da UNICEF ta yi ta ambatawa a shekarun 2010, na yara miliyan 10.5 da ba sa zuwa makaranta a Nijeriya, sun haɗa da masu karatun allo zalla. Wannan rashin adalci ne ga ilminsu, amma kuma gaskiya ce game da makomarsu a kasuwar aiki.

4.5 Kuɗi da Lokaci

Makarantar zaure tana da araha: allo da tawada da alƙalami da kuɗin Laraba. Lokacinta kuma yana bin rayuwar gida, safe da yamma da dare, a huta Alhamis da Juma'a. Makarantar gwamnati, ko da an ce kyauta ce, tana bukatar kayan makaranta da littattafan rubutu da kuɗin tara, tana kuma cinye safiya, lokacin da uwa ke bukatar mai kai mata abin sayarwa. Duk shirin da bai lissafa wannan asara ta uwa ba, ba zai riƙe yara a aji ba.

4.6 'Ya'ya Mata

Karatun gida ya kai ilmi ga matan da ba sa fita, ta hannun malamai mata a cikin gidaje. Amma kuma da sunan karatun gida aka sha cire yarinya daga makaranta a bar ta da talla har zuwa aure. Al'ummar da ke son mace ta duba mace a asibiti, tilas ta bar 'ya'yanta mata su bi ta makarantu irin Kwalejin 'Yammata ta Dala, domin ba a yaye likita ko ungozomar zamani a zaure.

5.0 Darasin Shekarar 2020

Da aka rufe makarantu a watan Maris na 2020 saboda annobar korona, kowane gida ya koma makaranta ala tilas. An gabatar da darussa ta rediyo da talabijin a Kano. Abin da hankali zai ba mu shi ne cewa irin wannan darasi yana amfanar yaron da ke da mai zaunar da shi ya duba masa aiki, ya wuce wanda ba shi da kowa. Watau karatun gida yana ba kowane yaro gwargwadon abin da ke gidansu, makarantar gwamnati kuwa, duk da rauninta, ita kaɗai ce aka gina domin ta ba ɗan talaka abin da babu a gidansu.

6.0 Shawarwari

Na farko, hukuma ta yi wa makarantun zaure rajista, ta ƙidaya ɗalibansu dabam da almajirai masu bara da kuma yaran da ba sa karatun komai, domin maganin kowannensu dabam ne.

Na biyu, a tsara jarrabawar karatu da rubutu da lissafi wadda yaron da ya yi karatu a gida zai iya zaunawa, idan ya ci a sa shi ajin da ya dace da shi, kada a mayar da ɗan shekara goma sha biyu aji ɗaya.

Na uku, a tura malaman lissafi da Hausa da Ingilishi zuwa zaurukan da suka amince, a lokutan da malamin zaure ya zaɓa, ba tare da an ƙwace masa makarantarsa ba.

Na huɗu, makarantun gwamnati su ari ƙa'idar wanke allo, musamman a aji ɗaya zuwa uku: kada yaro ya wuce sai ya iya haɗa baƙi da Hausa.

Na biyar, a ba masu unguwanni da limamai da iyaye mata murya ta gaske a kwamitocin kula da makarantu.

7.0 Kammalawa

Mun ga cewa karatun gida a Dala ya fi ƙarfi wajen kula da yaro shi kaɗai, da tarbiyya, da araha, makarantar gwamnati kuma ta fi ƙarfi wajen faɗin fannoni, da takardar shaida, da daidaita ɗan mai hali da ɗan talaka. Ra'ayinmu shi ne cewa a halin da ake ciki karatun gida ba zai iya maye gurbin makarantar gwamnati ga mafi yawan yaran birni ba, haka kuma tilastawa da tara ba za su jawo amincewar iyaye ba muddin yaro na iya shafe shekara shida bai iya karatu ba. Iyaye da yawa sun riga sun yanke nasu hukunci, suna tura yara boko da safe, Islamiyya da yamma, allo da dare. Abin da ya rage ga masana da hukuma shi ne su tsara wannan haɗi yadda ba zai gajiyar da yaro ba. Muna fata mahalarta wannan taro za su faɗaɗa bincike unguwa-unguwa, domin a san adadin zaurukan da ke akwai da abin da yara ke fita da shi daga cikinsu.