Yaushe muka zo Kurmi? Wuraren tarihin da na zaga a Legas da Badun

A watan Fabrairun 2021, kwanaki kaɗan bayan rikicin kasuwar Shasha ta Badun, ina cikin danfo daga Agege zuwa Oshodi sai gardama ta kaure a kan abin da ya faru. Wani fasinja ya dubi hulata ya ce in mun gaji mu koma garinmu. Na ce masa a Agege aka yanke mini cibiya. Ya ce to ubana fa, yaushe ya zo? Wallahi na buɗe baki ban sami abin faɗa ba. Da na koma gida na tambayi Baba, ya ce mahaifinsa da ƙafa ya shigo Kurmi yana bin bayan shanu, zamanin da babu tirela. Na ce a wace shekara? Ya yi dariya ya ce, "Kai yaro, wa ke ƙirga shekara a lokacin?"

Tun daga nan, duk ranar da kara ta yi sanyi nakan ɗauki ƙafa in je wani wurin tarihi. Abin da na gano shi zan kawo muku, don na san ba ni kaɗai aka taɓa yi wa wannan tambaya ba. Amma tun yanzu ku sani, ban ga gini ɗaya da aka rubuta "tarihin Hausawan Kurmi" a ƙofarsa ba. Labarinmu a warwatse yake cikin gidajen tarihin wasu, sai mutum ya bi yana tsinta.

Na fara da gidan tarihi na ƙasa da ke Onikan, kusa da dandalin Tafawa Ɓalewa, wanda aka buɗe a 1957. Yawancin mutanenmu da suka taɓa shiga abu ɗaya ke kai su: motar Janar Murtala Muhammad, baƙar Marsandi da aka harbe shi a ciki ranar 13 ga Fabrairu 1976, ga hujin harsasai nan a jikinta har yau. Ni ma na daɗe tsaye a gabanta. Akwai gumakan Nok na yumɓu da kayan tagulla na Bini. Sai dai ni abin da ya kai ni ban gan shi ba: ba labarin fataken goro, ba na masu kora shanu.

Daga Onikan, in kana da ƙafa, ka taka zuwa titin Customs da ke kusa da Marina. Nan ɗakin taro na Glover yake. Ginin kansa ba zai ba ka mamaki ba, sunan ne abin lura. Turawan Ingila sun karɓe Legas a 1861. A 1863 wani jami'in sojan ruwa mai suna John Glover ya tara ƴan Arewa ƙalilan ya ba su bindiga da kaki, har aka riƙa kiransu Hausawan Glover. Rundunar sojan Najeriya ta yau daga wannan shekara take ƙirga haihuwarta. Ka ga ke nan akwai Hausawa a Ikko shekaru hamsin da ɗaya kafin a haɗe Kudu da Arewa a 1914.

Amma kada mu ɗauki mai daɗin mu bar mai ɗaci. Da yawa daga cikin mutanen nan bayi ne da suka gudo daga hannun iyayengijinsu, suka sami mafaka a bariki. Kuma aikin Bature suka yi. An kai su yaƙin Asante a ƙasar Gana ta yau a 1873, sannan rundunar da ta ci Kano da Sakkwato a 1903 cike take da sojoji masu magana da Hausa. Ranar da na gaya wa Baba wannan, shiru ya yi, can ya ce in ba shi buta.

Wurin da ya fi shiga raina yana Ebute Metta, cikin harabar hukumar jiragen ƙasa. Wani tsohon bene ne mai faffaɗar baranda da ake kira Jaekel House, an gina shi a 1898, yanzu an mai da shi ɗan ƙaramin gidan tarihi. Akwai tsofaffin hotuna, fitilun ma'aikatan jirgi da kayan aikinsu. Ba shi da girma, cikin awa ɗaya ka gama. To me ya haɗa ɗan kara da shi? Ai wannan layin dogon shi ya haifi yawancin zangunan da muke ciki. Layin ya isa Badun a 1901, ya isa Kano a 1911. Kafin a gama gadar Jabba, a kan jirgin ruwa ake ɗora taragu a tsallake da su Kwara.

Duk wanda ya tashi a gidan shanu ya san matsalar Kurmi: tsando. Ƙudan nan in ya ciji saniyar Arewa sai sammore ya kama ta, ta rame, ta kwanta. Shi ya sa ba a iya kiwon manyan shanunmu a dajin Kudu, dole sai dai a kawo su a yanka. Masu kora na da, irin su kakana, sukan yi fiye da wata guda a hanya, su tsallake Kwara a Jabba, su bi ta Ilori da Ogbomosho da Oyo. Saniyar da ta baro Arewa da tozo tsaye takan iso ta zube. Kuma da ta shigo Kurmi kwanakinta ƙirgaggu ne, ba halin a tsaya jiran kasuwa ta yi kyau. Jirgi ya rage wannan wahala, ya mai da tafiyar makonni ta zama ta kwanaki. Da ya juya Arewa kuma sai ya ɗauki goro.

Goron nan shi ne ɗaya ƙafar labarin. A da fatakenmu har Gwanja suke zuwa, a yi watanni ana tafiya da jakuna. Da aka fara shuka goro irin na Gwanja a ƙasar Yarbawa, a Agege da Ota da Abekuta da Shagamu, sai hanya ta gajarce. Goro ba ya son jira shi ma, sai an zauna ana tsince mai tsutsa, ana sake ganye, ana ɗaure huhu. Wannan aiki yana buƙatar mutum mazauni a bakin tasha. Abin da ya zaunar da kakanninmu a Agege da Sabon Shagamu ke nan. Ba yawon banza ya kawo su ba, ciniki ne da ɓangarorin biyu suka ci moriyarsa: Bayarabe ya noma goro ya ci nama, Bahaushe ya kawo saniya ya tafi da goro.

Daga Ebute Mettan nan kana iya shiga sabon jirgin da ya fara aiki sosai a 2021, ya sauke ka a Moniya, bakin Badun, ba nisa da karar Akinyele. Haka na yi. Na fara hawa hasumiyar Bower da ke kan dutsen Oke Are, wadda aka gina a 1936. Matakalar a murɗe take kuma matsattsiya, mai tumbi ya yi shiri. Daga sama za ka ga Badun shimfiɗe, rufin kwano ja har iyakar ganinka. Na nemi mai gadin ya nuna mini Sabo, ya miƙa hannu wajen Mokola. Unguwar da muke ji kamar duniya guda, daga can ɗan tafin hannu ce.

Sabon Badun an kafa ta a 1916. Kafin nan Hausawa cikin gari suke zaune a gidajen Yarbawa, sai aka yanka musu wuri nasu a bayan gari, aka naɗa musu sarki. Wani Bature mai bincike, Abner Cohen, ya zauna a unguwar a farkon shekarun 1960, ya rubuta littafi a kanta da ya fito a 1969. Wani ɗalibin jami'ar Badun ne ya aro mini. Turancin ya yi mini nauyi, amma abin da ke ciki na san shi tun ina ɗan firamare: falke ya sauka gidan mai gida, mai gida ya ba shi masauki da abinci, ya sa dillalansa su nemo mahauci, a ba da shanu bashi ba takarda ba sa hannu, in mahauci ya ci amana mai gida ya biya daga aljihunsa. Abin da Baba ke yi kullum ke nan, ashe har a jami'o'in Turai ana karanta shi. Raina ya yi daɗi, ya kuma ɗan sosu, don sai da baƙo ya zo ya rubuta kafin ni ɗan gida na san abin rubutawa ne.

A Sabo babu allo, babu mai karɓar kuɗin shiga. Abin kallon shi ne tsofaffin gidajen masu gida, da zaurukan da aka sauki baƙi a cikinsu shekara da shekaru, da masallatai, da lungunan da ba sa ɗaukar mota. Wasu gidajen an rushe an yi benaye da shaguna, kuma ba na zargin kowa, magada suna da buƙata. Sai dai duk zauren da ya faɗi, babu hotonsa a ko'ina.

In za ka shiga irin wannan unguwa, ko Sabo ce, ko Zangon Agege, kada ka faɗa da waya a hannu kana ɗaukar mutane kamar ɗan jarida. Fara da gaida mai unguwa ko limami, ka faɗi ɗan wane ne kai. Ka riƙe goro. Ka je bayan la'asar, lokacin da dattawa ke zaune. Gidajen tarihi na gwamnati kuwa akwai ɗan kuɗin shiga, kuma ka tambaya kafin ka ɗaga waya, don ba ko'ina ake yarda da hoto ba. In da hali ka tafi da ƙannenka, musamman masu zuwa makaranta, su ne ake yawan yi wa gorin baƙunci.

Ni haka na sami wani tsoho a ƙofar masallaci, wanda ya ce yana saurayi ya yi kora sau bakwai daga Arewa zuwa Badun. Na durƙusa na gaishe shi, na ce, "Baba, in kun yarda ina so in naɗi maganarku." Ya dubi wayar ya ce, "Ɗana, wannan abar tana riƙe sunan gari?" Na ce tana riƙewa. Sai ya fara lissafo mini masheƙaran da suke kwana tun daga tsallaken Jabba, ɗaya bayan ɗaya, da inda ruwa yake da inda ɓarayi suke tare hanya. Yana kan na tara aka kira magariba. Ya ce sauran sai na dawo, kuma in taho da Baba, don yana zaton ya san kakana.